Layi Biyu da Kika Tsallake

Zuwa ga 'yata Ɗigo,

Sallama daga wadda ta daɗe ba ta leƙo ku ba. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Yaya, mahaifiyarki? Ki gaishe mini da ita, ki ce mata Tela ce, ko da ba za ta gane ba. Ki yi haƙuri da Ɗigon da nake kiran ki har yau. Na san yanzu Malama ake ce miki, ke ce mai koyar da masu karɓar haihuwa, amma ni da na gan ki ranar da aka haife ki, 'yar firit a cikin tsumma, bakina ya ƙi sabawa da wani suna.

Ni da sauƙi. Gwiwa ce dai, sai kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa ban kira ki ba. In ana yi mini magana a waya, ji nake kamar ana wanke kwanuka a gidan maƙwabta. Maganar da ke tafe da ni kuma ba ta ɗaga murya ba ce.

Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Babanku Direba. Saƙonki na ta'aziyya ya iso, Allah ya saka. Makon jiya na samu ƙarfin halin buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye takardun mota. A can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin lasisi, na tarar da wata takarda a naɗe cikin leda. Na gane tambarin asibiti, na gane sunana, na gane shekarar. Sauran duk yaren likitoci ne. Na kai an ciro mini kwafi, shi ne wannan da na haɗo miki. Ta asalin tana wurina.

Kina shekara shida lokacin, ba lallai ki tuna ba. Naƙuda ta kama ni ranar Lahadi da hantsi, ina kan keken ɗinki ina ƙarasa hannun wata riga. Faya ta fashe da la'asar. Babanku yana kan hanya da kaya, sai Yaya ce ta zo ta zauna da ni. Ni da mahaifiyarki kakarmu ce ɗaya, amma wanda bai sani ba cewa zai yi ciki ɗaya muka fito. Kwana biyu ina abu ɗaya. Ranar Talata da safe Yaya ta kai ni asibiti ban san wanda ke kaina ba. Da na farka aka ce an yi mini aiki, an cire mahaifa, yaron namiji ne, ya zo ba rai. Ban gan shi ba. Daga shi kuma kin san ba a sake ba.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. A gida akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta zauna a kaina tana cewa, "Yi yunƙuri mana, raguwa! Ke kika fara haihuwa?" Ni kuwa ƙarfina ya ƙare. Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da cewa ragwancina ne ya kashe shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Babanku.

Ki karanta mini takardar nan layi-layi, da harshen da zan gane. Kada ki yi mata kwalliya. Na san akwai nauyi tsakanina da ke a irin wannan magana. Ki ajiye shi gefe, ki ɗauke ni kamar ɗaya daga cikin matan da ke zuwa muku awo.

Abokin aikin Babanku mai tuƙa motar safe shi zai kawo miki. In kin rubuta amsa ki ba shi.

Innarki,
Tela

*

Zuwa ga Inna Tela,

Na amsa sallamarki da farin ciki. Mu duk lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori, ya hana kowa sakat. Gwiwar nan ki riƙa ɗora ta a kan matashi, ki kuma rage taka keke, ko da yake na san da bango nake magana.

Mama tana nan yadda kika sani. Tana ci, tana barci, ta wuni a baranda tana ninke tsummokara, in ta gama ta warware ta sake. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci Nas take ce mini, ta tambaye ni yaushe za a sallame ta. Na ce mata Tela tana gaishe ki. Ta yi dariya ta ce, "Wannan mai bakin? Ta gama mini zanen nawa kuwa?" Kin ga ba ta manta da ke ba.

Inna, na karanta wasiƙarki a ofis, sai da na rufe ƙofa. Amsar tambayarki gajeriya ce: ba laifinki ba ne. Amma kin ce layi-layi, to bari in yi miki yadda nake yi wa ɗalibaina.

Naƙuda mataki uku ce a wurinmu. A na farko bakin mahaifa ne yake buɗewa a hankali, daga rufe har ya kai faɗin da kan jariri zai wuce. In ya kai santimita goma, mun ce ya cika. Ki duba tef ɗinki na awo ki ga goman. A wannan matakin yunƙuri ba ya amfanar komai, gajiya kawai yake jawowa. Na biyu shi ne daga cikar buɗewa zuwa fitowar jariri. Nan ne ake cewa mace ta yi yunƙuri, kuma a haihuwar fari in ya wuce awa biyu ko uku mun san akwai matsala. Na uku shi ne faɗowar mabiyiya.

Layukan farko na takardarki sunanki ne, da shekarunki, da cewa cikin fari ne kuma watanninsa sun cika. Sai aka rubuta cewa da aka kawo ki bakin mahaifa ya riga ya cika. Wato kin gama matakin farko tun kina gida. A na biyu ne abin ya tsaya, ba awa uku ba, kusan wuni da kwana. Kalmar da suka sa, in na juya ta zuwa harshenmu, toshewar naƙuda ce. Kan yaron ya fi ƙofar ƙashin ƙugunki girma. An auna shi, kilo huɗu da ɗoriya, ke kuma kin san jikinki. Ki ɗauka wuyan rigar yaro ne aka ce babba ya zura kai. Rigar ma tana iya ɓarkewa ta ba da hanya, ƙashi kuwa ba ya yi. Da mata goma za su ara miki ƙarfinsu, ba zai fito ta nan ba. Tsohuwar nan ba ta san abin da take faɗa ba, Allah ya yafe mata.

Mahaifa tsoka ce. Ta yi ta matsawa ba hanya, har ta yi siriri ta yage. Shi ne dalilin zubar jinin da ya sa kika fita hayyacinki. An shiga da ke tiyata, an yi miki allurar barci, an ciro shi da ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Yagewar ta yi munin da ba ta ɗinkuwa, sai aka cire. An yi miki ƙarin jini leda uku.

Jiya da rana aka kawo mana wata mai irin wannan matsalar, amma ita da wuri. An yi mata aiki, ga ta can tana shayarwa tana faɗa da mijinta a kan wa yarinyar ta yi kama. Bambancinki da ita awanni ne kawai, ba ƙarfin yunƙuri ba.

Ki sauke wannan kayan, Inna. Kin ɗauke shi ya isa.

'Yarki,
Ɗigo

*

Ɗigo 'yar albarka,

Ina gaishe ku duka. A shafa wa mai haƙori kai. Ki ce wa Yaya zanenta na nan, sai ta zo da ƙafarta ta karɓa.

Wasiƙarki ta zo ranar Alhamis. Na karanta ta sau uku a tsaye. Na ɗauko tef na duba goman da kika ce, na zauna ina kallon ta, sai ga ni ina kuka kamar an yi mini sabuwar rasuwa. Wata mai kawo ɗinki ta shigo, ta ɗauka Babanku nake tunawa, na bar ta a haka. Kwana biyu na yi ina jin jikina sakayau. Har kasuwa na je da ƙafa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Amma kin san halina. Ba na miƙa riga sai na juya cikinta na duba ɗinki. Na ɗauko takardar asali, na ɗora rula a kanta, ina bin bayaninki ina saukowa. Layi goma sha huɗu ne. Bayaninki ya ƙare a na goma sha biyu, wurin ledar jini uku, don na ga ukun da idona.

Yarensu ban iya ba, amma lamba ba ta ɓace mini. A layi na sha uku akwai biyu bisa goma, sai kuma uku bisa goma. A na ƙarshe akwai lokaci, sha ɗaya da minti goma, da wasu kalmomi bayansa. Na ce ko lokacin da na farfaɗo ne, to amma ni sai bayan la'asar na buɗe ido, na tuna rana tana dukan bangon ɗakin ta yamma. Na ce ko lokacin da aka gama aikin ne. Wannan biyu da ukun fa? Maki ne aka ba ni, kamar 'yar makaranta?

Wataƙila mantuwa kika yi, ga aiki ga yara ga Yaya. Ki ƙarasa mini.

Innarki,
Tela

*

Ɗigo,

Ina fata lafiya. Yau mako bakwai. Mai motar safe ya ce hannu da hannu ya ba ki, a ƙofar makarantarku, har kin tambaye shi gwiwata. Duk ranar da ya dawo nakan fita bakin titi. Yanzu da ya hango ni sai ya girgiza kai tun bai tsaya ba, kunya ta fara kama mu mu biyun.

In Yaya ce jikin ya tashi, ki gaya mini, kada ki ɓoye.

In kuwa ba ita ba ce, to na gane. Maki ne. Likita ya duba yadda na yi, ya ba ni biyu cikin goma, ya sake dubawa ya ga abin tausayi ya ƙara mini ɗaya. Kin gani, kika ji nauyin faɗa, kika lulluɓe ni da zancen wuyan riga. Ban ga laifinki ba, kowace 'ya haka za ta yi. Sai dai da kin bar ni yadda nake. Dā na saba da kayana. Kin sauke mini na kwana biyu, yanzu da na sake ɗauka sun fi dā nauyi.

Na ce miki kada ki yi mini kwalliya. Layi biyu ne. Ko a bayan takardar magani ki rubuto.

Tela

*

Inna,

Ina gaishe ki, ina neman gafararki. Mama lafiyarta ƙalau, mu ma haka. Shirun nawa ne, ba na kowa ba. Na fara wasiƙar nan sau biyar ina yagawa. Da taki ta zo na ga abin da shiruna ya sa kika ɗora wa kanki, na san na yi miki laifi biyu.

Ba mantuwa na yi ba. Da gangan na tsallake.

Duk abin da na rubuta miki a baya gaskiya ne, ban ƙara ko wasali ba. Makin nan ba naki ba ne, ba a ba uwa maki. Na jariri ne. In an haifi yaro, muna duba abu biyar a jikinsa: bugun zuciya, numfashi, launin fata, ƙarfin gaɓoɓi, da yadda yake amsawa in an taɓa shi. Kowanne maki biyu, jimilla goma. Muna dubawa a minti na farko, mu sake a minti na biyar. Lafiyayyen yaro yakan samu bakwai zuwa sama.

Inna, wanda ya zo ba rai sifili ake rubuta masa.

Ɗanki ya samu biyu a minti na farko, uku a na biyar. Zuciyarsa tana bugawa. An rubuta cewa an share masa hanci da baki, an yi ta hura masa iska, ya ɗan ja numfashi da kansa. A wurinmu kalmar wanda ya mutu a ciki daban, ta wanda aka haifa da rai sannan ya rasu daban. Ta biyun ce a takardarki. Sha ɗaya da minti goma lokacin rasuwarsa ne. Ya yi minti hamsin a duniya.

Kalmomin da ke bayan lokacin cewa suka yi an miƙa shi ga 'yar'uwar majinyaciya. Ba su faɗi suna ba, amma ke kika ce Mama ce ta kai ki. Ba su kuma faɗi ko kafin ya cika ne aka miƙa shi ko bayan ya cika ba. Na juya jimlar ta kowace fuska, na nuna wa wata tsohuwar ma'aikaciyarmu ba tare da sunanki ba. Ita ma ta ce ba a iya ganewa.

Abu biyu nake so ki riƙe. Na ɗaya, a cikin minti hamsin ɗin nan kina kan tebur cikin barcin allura, ana ƙoƙarin tsayar da jini. Ko da sun so, ba yadda za a yi ki gan shi da rai. Na biyu, yaron da ya sha irin wannan wahalar, a wancan lokacin, ba abin da za a iya yi masa fiye da wanda aka yi. Ko yau ma da wuya.

A makonnin da na yi shiru, Mama nake bi. Na ce kafin in faɗa miki in samo abin da zan haɗa da shi. Ranar Asabar da hantsi na zauna kusa da ita a baranda, na kama bakin tsumma muna ninkewa tare. Na ce, "Mama, kin tuna ranar da Inna Tela ta haihu?" Ta dube ni ta ce, "Tela ai ba ta haihu ba." Na ce, "A asibiti fa, da kika kai ta?" Ta ce, "Nas, in likitan ya zo ki ce masa ni gida zan tafi." Na gwada sau shida a ranaku daban-daban. Iyakarta ke nan.

Ban san ko Baba Direba ya sani ba. Kin ce yana kan hanya. Babana shi ma ya riga mu gidan gaskiya, da shi zan tambaya.

Ki yi fushi da ni in kina so, na cancanta. Amma ki rubuto.

'Yarki,
Ɗigo

*

Ɗigo,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi. Na ɗauki wata guda kafin in iya riƙe biro, kada ki ce ramuwa ce.

Ban yi fushi da ke ba. Ni na matsa.

Washegarin da takardarki ta zo na shiga mota na tafi asibitin. Ɗakin da aka kwantar da ni yanzu ma'ajiyar magani ce, kwalaye har rufi. Na tambayi inda ake ajiye tsofaffin takardu, aka tura ni wurin wani mai tabarau a ƙarshen baranda. Ya saurare ni da kyau, har kujera ya ba ni. Ya ce na shekarun nan rufin ɗakin ya yi yoyo, sun jiƙe sun manne, an daɗe da kwashe su. Na ce ma'aikatan lokacin fa? Ya ce, "Baba, ni kaina lokacin ina rarrafe."

Na fito na zauna a bencin masu jira. Akwai agogo a bango. Na ce bari in ga tsawon minti hamsin. Ɗigo, da yawa ne. Na ɗauka kamar ƙiftawar ido ne. A cikinsa aka kira mata tara, wata ta sayi ruwa ta shanye, mai shara ta share barandar ta dawo ta goge. Ni a minti hamsin ina yanka rigar yaro in haɗa ta. Duk wannan lokacin yana nan, ni ina bayan ƙofa.

Yaya ce ta sunkuyo a kaina da na farka. Ita ta ce mini, "Ki yi haƙuri, ya zo ba rai." Da bakinta. Bayan haka mun ci abinci a kwano ɗaya ya fi sau dubu. Na yi mata ɗinki, na yi jinyarta, mun yi faɗa mun shirya. Ko a cikin faɗa ba ta taɓa suɓutar baki ba. Na san za ki ce tausayina ta ji. To wa ya ce mata abin da ta zaɓa mini ya fi sauƙi? Da na san ya yi numfashi, da na san na kawo shi har bakin ƙofa. Ita ta ji nauyinsa a hannunta, ni da na ɗauke shi wata tara ko yatsarsa ban gani ba.

Yanzu na gane dalilin da ya sa take turo mini ke duk hutun makaranta. Na ɗauka ƙauna ce. Ashe toshe rami take yi.

Babanku kuma, ban san me zan ce ba. In bai sani ba, me ya sa ya naɗe ta a leda? In ya sani, yaya ya yi ya kwana ya tashi da ni shekara talatin?

Ki sake tambayar ta. Ba na neman dalili. Abu uku kawai: ya yi kuka? Da wa ya yi kama? A ina aka sa shi?

Tela

*

Inna,

Muna gaishe ki. Yara suna tambayar yaushe za ki zo. Mama ta ɗan rame, abinci sai an lallaɓa.

Maganar hutu ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ban san abin da ke zuciyar Mama ba lokacin da take sa ni a mota. Na san dai ni kuka nake yi in hutu ya ƙare, kuma a ƙarƙashin kekenki na koyi zura zare. Wannan ba wanda ya aiko ni da shi.

Na tambaye ta abu ukun. Kwanaki ba ta ce komai ba. Sai ranar Laraba da azahar, ina yanke mata farce, ban ma ɗauko zancen ba, ta janye hannunta ta tanƙwara shi a ƙirji kamar mai riƙe da jariri. Ta ce, "Nauyi gare shi. Hannuna har ya sage." Na ce, "Wa, Mama?" Ta ce, "Ga suma." Na ce, "Ya yi kuka?" Ta ci gaba da kallon hannun. Na ce, "Mama, ɗan wa ne?" Ta ɗago ta yi murmushi ta ce, "Ke ce mana. Ranar da na haife ki."

Inna, ke kin san yadda na zo. Ban kai kilo biyu ba, kaina kuma ba gashi sai da na shekara. Ba ni ba ce. Amma Mama ta haifi maza uku bayana, ta karɓi jikoki, ta riƙe 'ya'yan maƙwabta. Ba zan rantse miki cewa shi ne ba. Na daɗe ina shawarar ko in rubuto miki wannan. Na tuna abin da tsallakewa ta jawo, shi ya sa na rubuto.

Na sake gwadawa da yamma, ta fashe da kuka, ta ƙi cin abinci har washegari. Likitanta ya ce abin gaba zai yi ta yi, ba baya ba.

Ki zo ki zauna da mu. Akwai ɗaki. Wataƙila in ta ga fuskarki wani abu ya buɗe.

'Yarki,
Ɗigo

*

'Yata,

Sallama. A gaishe da maigidanki da yara. Maganar hutu, na janye ta. Bakina ne, kin san shi.

Ki daina tambayar Yaya. Ki bar ta ta ci abincinta. Sumar nan na karɓa, ko tasa ce ko ba tasa ba. Babanku ma haka kansa yake.

Zuwa ba zan zo ba. In na zo ta gane ni, ban san abin da zai fito daga bakina ba. In ba ta gane ni ba, wannan ma ba zan iya ba. Ki ce mata na gaishe ta. Yafewa kuma ina ta ƙoƙari, kullum sai in ga kamar na yi, da gari ya waye in tarar ban yi ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Idona ya daɗe yana hazo, yanzu na dama ya rufe, na hagu yana bin sa. Wasiƙarki ta ƙarshe sai da na fita tsakar rana na kusa manna ta a hanci. Na rufe keke da zane. Shekaranjiya na je asibitin ido, suka ce yanar ido ce, amma akwai wani ciwon a bayanta, ko an yi aiki ba su yi alkawarin komai ba.

Wata ma'aikaciya ce take cike mini kati. Ta tambayi shekaru, ta tambayi miji, na ce ya rasu. Ta ce, "Kina da 'ya'ya?" Shekara talatin da ɗaya amsa ɗaya nake bayarwa. Sai na ji bakina ya ce, "Na haifi ɗaya. Namiji." Ban taɓa faɗa ba, Ɗigo. Har wani daɗi na ji.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Madalla. To shi zai rako ki ranar aiki. Kawo sunansa da lambarsa."

Ta jira, biro a hannu. Mutane na bayana a layi. Da ta ga shirun ya yi yawa ta dube ni, ta ce, "Ko ba ya kusa ne?" Na ce eh, ba ya kusa. Ta ja layi a wurin, ta kira na gaba.

Na gode da duk abin da kika yi. Kin karanta mini takardata har ƙarshe, ba wanda ya taɓa yi mini haka. Kada ki rubuto amsar wannan. Ba zan iya karantawa ba, kuma ba na son wani ya karanta mini.

Innarki,
Tela